Ganyen da Kawu na Huɗu Bai Sake Ba

Wani dare cikin damina, bayan an rufe ƙofofi a Lungun Rijiya Biyu na birnin Chaozhou a kudancin ƙasar Sin, Kawu na Huɗu ya ji wani ɗan sauti a ɗakinsa. Ting. Kamar an taɓa bakin finjali da tsinken gashi. Ya ɗaga gidan sauro ya kasa kunne, bai ji komai ba sai ɗigar ruwa daga indararo. Har ya mayar da kai bisa matashi, sai abin ya sake yi, wannan karon siriri ƙwarai, kamar mai jin kunya.

Sunansa na gaskiya Weng Bingkun, amma da yake shi ne na huɗu a ɗakin uwarsa, kowa a lungun Kawu na Huɗu yake ce masa. Sana'arsa saƙa fitilun gora da takarda, har idonsa ya gaza ya bari. Matarsa ta daɗe da rasuwa, 'yarsa A-Fen kuma tana aure a Fengxi, garin masu toya tangaran. Mutum ne da abin mamaki ba ya wuce shi. Ya taɓa ajiye wata kabewa a kan taga har ta ruɓe, don kawai ta yi kama da kan wani dattijo da ya sani. Ya taɓa bin kunkuru yini guda a bakin Kogin Han don ya ga inda za shi, kunkurun kuwa bai je ko'ina ba.

Da gari ya waye ya hau bincike. Ya duba ƙarƙashin gado ko gyare ne, ya leƙa bayan madubi ko tsaka ce, ya girgiza tulun shinkafa. Ɓera dai ba ya kiɗa. Da dare ya sake yi, sautin ya dawo, sai wani abu ya faɗo masa a rai. Marigayiya matarsa tana da wata ɗabi'a: in ya cika surutu ya bar shayi yana jiƙa fiye da kima, ba ta magana, sai ta zare tsinken azurfa daga gashinta ta ɗan taɓa finjalinta. Ting. Daidai wannan sautin.

Ko kaɗan bai ji tsoro ba. Daɗi ma ya ji. Ya zauna a bakin gado ya fara ba ta labarin lungu: wanda ya aurar da ɗa, wanda ya rushe katangarsa, yadda kifi ya daina daɗi. In ya ji ting, sai ya ɗauka ta ce ya ci gaba, ko kuma ta ce ya isa haka, ya danganta da yadda labarin yake tafiya. Haka ya riƙa yi dare bayan dare, har idanunsa suka koma kamar na mai yankan albasa. Bai gaya wa kowa ba. Musamman bai gaya wa Lai ba.

Lai masassaƙi ne, ya ɗan girme shi, gidansa na can ƙarshen lungun. Tun suna da baƙin gashi yake zuwa gidan Weng kowace la'asar. Aikinsu a rabe yake: Weng ke haɗa shayi, Lai ke riƙe mafici yana hura gawayi yana kushe duk abin da Weng ya yi. Ruwan ya wuce, ruwan bai kai ba, hannunka ya yi sama da yawa, ka bar ɗigo a tukunya. Finjalai uku ne kullum a kan faranti, farare, sirara kamar ɓawon ƙwai, na ukun na duk wanda ya leƙo ne. Lai ba marowaci ba ne, zai iya tuɓe rigarsa ya ba ka, amma a kan ganyen shayi ba ya wasa. Yakan ce zubar da ganyen da bai gama ba da ɗanɗanonsa ba daidai yake da binne mutum yana atishawa.

Amma kuma in ganye ya mutu, ya mutu, kuma kowa a garin ya san abin da mataccen ganye yake faɗi. Ba a ce wa baƙo tashi ka tafi. In ka ga mai gida yana ta zuba ruwa a kan ganye ɗaya har shayi ya koma launin ruwan rijiya, bai kuma kai hannu ga gwangwani ba, to an yi maka hannunka mai sanda, sai ka nemi takalminka.

Ranar da abin ya faru, Lai ya zo sanye da wankakkiyar riga, abin da ba ya yi sai ranar biki. Weng kuwa idonsa a buɗe, amma kansa ya riga ya tafi. Hannuwansa ne kawai suke aiki, don sun san hanya: ya ɗauraye 'yar jar tukunyarsa ta yumɓu, wadda ba ta fi ƙwan agwagwa ba, ya cika ta da ganye, ya zuba ruwa, ya share kumfa da murfi, ya zagaya finjalan. Muryar Lai tana zuwa masa kamar daga ƙasan rijiya. Ya dai ji ana ambaton A-Hai, ɗan Lai da ke Bankok ta ƙasar Thailand, da wani ɗaki a saman bene, da jikoki. Ya ji Lai yana cewa bai ba da amsa ba tukuna, kuma wai me tsoho zai je ya yi a garin da ba wanda ya san sunan ubansa. Daga nan Lai ya zuba wa gawayi ido.

"Madalla," in ji Weng. "Madalla ƙwarai."

Ya sake zuba ruwa. Shayin ya fito launin zuma, sannan launin kara, sannan launin da ba shi da suna. Lai ya dubi finjalinsa, ya dubi gwangwanin ganye da ke nan kusa da gwiwar Weng, ya dubi Weng. Weng ya sake zuba ruwa. Lai ya ɗauki finjalin ya shanye, ya ajiye shi a hankali yadda ko ƙara bai yi ba, ya kwantar da mafici, ya ce ya tsare mai gida da yawa. Weng ya yi masa sauka lafiya cikin hamma.

Washegari Lai bai zo ba. Weng ya ce a ransa gwiwar Lai ce ta tashi, damina ba ta barinsa. Da aka sake kwana bai zo ba, ya ce zai leƙa shi, amma barci ya ɗauke shi a kan kujera da takalmi ɗaya a ƙafa.

Ana haka ranar haihuwarsa ta zagayo, A-Fen ta zo da taliya mai tsawo da dafaffen ƙwai a ruwan sukari. Ta dubi fuskarsa ta tambaya ko ba shi da lafiya, ya ce lafiyarsa ƙalau. Sai ta ja kujera ta hau, ta miƙa hannu can saman kabad, ta sauko da wani ɗan kwando cike da ciyawar shinkafa. Ashe tun zuwanta na baya ta ɓoye shi a can. Ta kwance, ta fito da finjalai uku masu launin sararin sama bayan ruwa, jikinsu duk zane-zanen tsaga, kamar ƙasan tafki in ya bushe. Mijinta ne ya toya su da hannunsa don surukinsa. Tana jera su a kan tebur, ɗaya ya ce ting.

Weng ya ɗago kai a hankali.

A-Fen ta ce kada ya damu, ba fashewa suke yi ba. Irin wannan tangaran, ƙyallin da aka shafa masa ya fi jikinsa saurin tsukewa, don haka bayan an fitar da shi daga wuta yakan daɗe yana tsagewa kaɗan-kaɗan, yana wannan kukan, musamman in iska ta yi sanyi. Ta ce ranar da ake buɗe matoya, wurin kamar an rataya ƙararrawa dubu. In kuma aka daɗe ana shan shayi a ciki, shayin zai bi tsagar ya mayar da ita launin zinariya.

Ya tambaye ta ko tun ranar suna nan a sama. Ta ce tun ranar. Ya dubi finjalan nan uku da suka ji labarin katangar mutane da tsadar kifi, har da wasu maganganun da bai taɓa faɗa wa mai rai ba. Sai dariya ta kama shi, ya yi ta yi har hawaye, A-Fen tana taya shi ba tare da ta san dalili ba. Da za ta tafi ta tambayi ina Kawu Lai, tunda bai taɓa fashin taliyar wannan rana ba. Weng ya ce gwiwa ce. A daren nan ya yi barci kamar dutse.

Da safe ya fita da yunwa zuwa rumfar Gwaggo Su, maƙwabciyarsu mai sayar da kunun shinkafa. Ta ɗauki kwano, ta sa ludayi ta ɗebo daga can sama inda ba ƙwayar shinkafa ko ɗaya, ta dire masa ruwa zalla.

"Gwaggo, ina kunun?"

"Au, ba haka ake yi ba yanzu? Na ji an ce a gidanka haka ake sallamar mutane."

Bai gane ba, sai da ta zauna ta warware masa. Ta ce ta ga Lai yana ɗaure akwati, ta matsa masa da tambaya har ya faɗa. Ɗansa ya daɗe yana kiransa Bankok, shi kuma ba ya son zuwa. Ya sa rigarsa ta biki ya je gidan amininsa don ya ji ko akwai mai cewa ya zauna. Ba wata babbar magana yake nema ba. Ko da Na Huɗu ya ce masa ruwan can ba ya shayi, ya ishe shi hujjar da zai ba ɗansa. Sai aka ce masa madalla, aka kuma shayar da shi ruwan rijiya har ya gaji. Ya ce ya tambaya, an kuma ba shi amsa. Ya riga ya aika wa A-Hai cewa yana tafe, motar Shantou kuma, inda zai shiga jirgi, gobe da safe za ta tashi.

Weng ya bar kwanon nan bai taɓa ba, ya nufi ƙarshen lungu.

Ya tarar da gidan Lai kamar an share shi da ruwa. Kayan sassaƙa an naɗe su a tsumma, akwatin katako na tsakar gida ɗaure da igiya, murhu ba wuta. Lai ya tarbe shi da ladabi, ladabin da ya fi zagi ciwo.

"Malam Weng ne? Shigo mana. Sai dai a yi haƙuri, kayan shayi duk suna cikin akwati."

Tun suna yara bai taɓa ce masa Malam Weng ba. Weng ya zauna a kan wani kututture yana jujjuya hularsa. Ta ina zai fara? Ya ce ya kwana yana hira da finjalai uku a kan kabad, yana tsammanin matarsa ce? Ko da ya iya faɗa, ya san Lai. Abin da aka faɗa masa da shayi, ba zai yarda a janye shi da baki ba. Ya buɗe baki, sai ya ji kansa yana cewa bana ruwa ya yi yawa. Lai ya ce ƙwarai kuwa, ya yi yawa. Weng ya tashi, Lai ya raka shi har ƙofa kamar wani mai karɓar haraji, ya ja ƙyauren sanduna ya rufe.

A hanyar komawa gida ne dabara ta zo masa, kuma ta zo ne gaba ɗayanta, yadda siffar fitila takan zo masa a da kafin ya tsaga gora.

A ƙasan akwatin tufafinsa akwai wani gwangwanin kuza da aka liƙe bakinsa da takarda da kakin zuma. Ganye ne daga wata tsohuwar bishiya guda ɗaya a saman Dutsen Fenghuang, wadda sai an kafa tsani ake tsinkarta. Wan matarsa ne ya ba shi. Shekara da shekaru Lai yana naci a buɗe, Weng yana cewa ranarsa ba ta zo ba. Lai har ya taɓa cewa in ya riga shi mutuwa, a taimaka a buɗe gwangwanin kusa da hancinsa.

Weng ya ɗauko shi. Ya haɗa ɗan murhunsa na jar ƙasa, da butar tafasa ruwa, da gawayin ƙwallon zaitun wanda ba ya hayaƙi, da 'yar tukunya, da fararen finjalansa na kullum. Ya ja ruwa sabo a rijiya. Ya rataya komai a sandar kafaɗa, ya bi lungu yana rangaji kamar mai tallan awara, ya sauke daidai ƙofar Lai, ya baje kayansa a kan dakali.

Kafin gawayi ya kama, mutane sun fara tsayawa. Gwaggo Su ta rufe tukunyarta ta taho kallo. Weng ya sa farce ya yanke takardar gwangwanin, ya ɗaga murfi. Ƙamshin ya fito a hankali, wani abu tsakanin fure da zuma da dutse bayan ruwa, ya bi ta tsakanin sandunan ƙyaure ya shige gidan. Daga ciki aka ji motsi ya tsaya.

Yana jiran ruwa yana yi wa jama'a hira da ƙarfi, yadda za a ji a tsakar gida. Ya ce mutanen da can dafa shayi suke yi da gishiri da citta kamar miya. Na bayansu suka ga ba haka ba, suka riƙa niƙa shi gari suna kaɗawa a baƙaƙen kwanoni har ya yi kumfa, suna gasar wanda kumfarsa za ta fi daɗewa. Sannan aka gaji da niƙa, aka bar ganye yadda yake, aka ƙera masa tukunya. Ya ce tun daga lokacin tukunyar take ta ƙanƙancewa, kuma shi a ganinsa jikokin jikokinsu a ɓawon gyaɗa za su riƙa haɗawa. Jama'a suka yi dariya. A ranar da ba wannan ba, da tuni Lai ya ce masa ya rufe baki ya dubi ruwansa. Ƙyaure bai motsa ba.

Ruwa ya fara fitar da ƙananan ƙwayoyi irin idon jatan lande, sannan suka girma suka kai idon ƙaguwa. Weng ya sauke buta. Ya cika tukunya da dogayen baƙaƙen ganyen nan, ya zuba, ya share kumfa, ya wanke finjalai, ya sake zubawa, ya zagaya su har ɗigon ƙarshe. Ya miƙa hannu ya ce a sha. Gwaggo Su ta ɗauka, da wani mai keken haya, da tsohon mai aski. Suka kurɓa. Mai askin ya shinshina ƙasan finjalin ya rufe ido.

Sai ga mai sayar da awara ya tsaya. Weng ya yi masa maraba, ya ce sabon baƙo, sabon ganye. Ya kifa tukunyar a kan dutsen ƙofar Lai, ya ƙwanƙwasa, ganyen ya faɗo curi guda, ko warwarewa bai gama yi ba, yana tururi. Ya sa hannu a gwangwani ya sake cikawa.

Gwaggo Su ta dafa ƙirji. Daga cikin gida aka yi tari.

Wata mata da ta dawo daga kasuwa da kifi ta tsaya. Sabon baƙo. Weng ya sake kifewa. Wani malamin makaranta da ke wucewa a kan keke ya rage tafiya kawai don ya ga abin da ake yi, Weng ya kira shi, ya sake kifewa. Tsibin ganye ya fara tashi a kan dutse, ƙamshi ya cika lungu har karnuka suna ɗaga hanci. Mai aski ya roƙe shi ya yi wa ganyen nan rai, Weng ya ce shi al'ada yake bi, an ce kwanan baya ya saɓa mata. A cikin gida ana ta kai da komo. Aka ji an ja akwati, an tura shi. Aka ji wani abu ya faɗi. Weng bai ko waiga ba, ko da yake shi ma ransa yana ciwo duk lokacin da hannunsa ya shiga gwangwanin, kuma ya fara ganin ƙasan kuzar ta gefe ɗaya.

Yana ɗaga tukunya zai sake kifewa, ƙyaure ya buɗe da ƙarfi.

"Na Huɗu, kanka ɗaya kuwa? Ganyen nan ko ido bai gama buɗewa ba."

"Sannu da fitowa, Yaya Lai."

"Kada ka sannu da ni. Wannan ganyen zai kai faɗuwar rana yana magana, kai kuma kana zubar da shi a bakin ƙofata kamar ɓawon rake. Bishiyar nan ta girmi kakan kakanka."

"To, ba mai tsawata mini ne. Ka san ni in an bar ni ni kaɗai."

Lai ya dubi tsibin ganyen, fuskarsa kamar ta wanda ya tarar da awaki a gonarsa. Ya dubi murhu, ya ga wutar ta ci gefe ɗaya. Ya ce wutar ma kashe ta ake yi. Ya fizge mafici daga hannun mai aski da ke taya Weng hura wuta, ya tsuguna a kan dakali, ya fara hurawa daga ƙasa yadda ya saba, yana ta mita: an cika gawayi, an toshe bakin murhu, mutum ya tsufa bai iya komai ba sai bin kunkuru.

Weng ya bar shi ya gama. Da ruwa ya kai, sai ya ɗauki tukunyar, ya juya ta wajen dutse, ya ce tunda an sami sabon baƙo, dole a sake ganye.

Lai ya cafke wuyan hannunsa.

"Ajiye. Ni ba baƙo ba ne."

Weng ya ajiye. Ya zuba ruwa a kan ganyen da ke ciki, ya zagaya finjalai, shayin ya fito ja-ja kamar hasken fitila ta bayan takarda. Lai ya ɗauka, ya shinshina, ya kurɓa sau uku yadda ake yi, ya daɗe bai haɗiye na ƙarshe ba. Da ya ajiye finjalin ya ce an ɗan bar shi ya jiƙa fiye da kima. Amma idonsa ya kawo ruwa, ya ce hayaƙi ne, ko da yake kowa ya san gawayin zaitun ba ya hayaƙi.

Weng ya gyara zama, ya dubi sama kamar mai duba hadari, ya ce shi dai ya ji an ce ruwan Bankok ba ya shayi ko kaɗan. Ya ce nauyi gare shi, yana kashe ƙamshi, in ka haɗa ganye mai kyau da shi sai ka rantse ruwan wankin kifi ne. Lai ya tambaye shi yaushe ya taɓa zuwa Bankok, shi da ko Shantou sai an riƙe masa hannu. Weng ya ce tsattsewar da ke sheƙa a rufinsa can take cin rani, kuma duk shekara a rame take dawowa.

Lai ya yi tsaki, amma gefen bakinsa ya motsa. Ya jawo gwangwanin kusa da shi, ya leƙa ciki, ya girgiza kai, ya rufe murfin da kyau. Ya ce daga yau a gidansa gwangwanin zai zauna, don ba a barin wuƙa a hannun mahaukaci. Ya ce abin da ya rage, in aka bi shi da hankali, ana buɗewa ranakun biki kawai, ana kuma shan kowane cikin tukunya har ya mutu mutuwar kansa, zai daɗe. Zai aika wa A-Hai cewa wani aiki ya taso wanda ba mai iya kula da shi sai shi. In yaron yana son ganin ubansa, ya kwaso jikokin ya zo su ga garinsu, su koyi riƙe finjali.

Mai keken haya, wanda aka yi da shi zai kai akwati tasha da safe, ya buɗe baki zai yi tambaya, Gwaggo Su ta taka masa ƙafa.

Sannan Lai ya tuɓe hularsa, ya durƙusa gaban dutsen, ya shiga tsince ganyen da aka zubar, yana zaɓar na sama waɗanda ba su taɓa ƙasa ba, yana hure su ɗaya-ɗaya yana sawa a hular. Weng ya ce masa ya ji kunyar jama'a mana. Lai ya ce wanda ya zubar ne ya kamata ya ji kunya. Ya shiga gida, aka ji yana kokawa da igiyar akwati yana zaginta, ya fito da tasa tukunyar, baƙa, mai sheƙi saboda daɗewa a hannu, ya ce a ɗora wani ruwan, za a ga yadda ake tayar da ganyen da aka binne da rai.

Da ya zo zama sai gwiwarsa ta ƙi dakalin. Ya waiga cikin zaure inda kujerarsa ta gora take zama, wurin wayam. Ya manta jiya ya rabar da kayan da ba za su shiga akwati ba. Ya juyo yana dube-dube, sai idonsa ya sauka a kan Gwaggo Su, wadda ta jawo kujerar tun ɗazu daga gidanta ta kafa a tsakiyar lungu, ta miƙe ƙafa a kai tana kallo, finjali a hannu.

Ta dube shi, ta dubi Weng, ta ƙara gyara zama.

"To ni yanzu kujerar nan, kyauta aka ba ni ko aro?"

Lai ya sunkuya yana hura wuta, Weng kuma ya kasa kunne ga buta.